Ƙuma, Ƙwarƙwata da Kaskar Kaji: Yadda Za Ka Raba Akurkinka da Su

Manomi, in ka ga kazarka ta tashi daga kan ƙwai tun kwanaki ba su cika ba, ko kuwa magariba ta yi kaji sun tsaya bakin akurki suna ƙin shiga, kada ka yi saurin cewa iskanci ne irin na kaza. Sau da yawa akwai abin da ya ke cizonsu a ciki. Wannan takarda za ta nuna maka ƙananan ƙwarin da su ke shan jinin kaji da zabbi, inda su ke ɓuya, da yadda za ka kashe su da abin da ke cikin gidanka, ba sai ka kashe kuɗi masu yawa ba. Mun san a ƙasar Daura yawancin kajin gida na mata ne da yara. Saboda haka in ka gama karantawa, sai ka karanta wa uwargida, domin ita ce ta ke buɗe akurki da safe, ita ce kuma za ta fara ganin alama.

Asarar da su ke jawowa

Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe ƙwanta. Amma a nan wajenmu, daga Daura zuwa Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, abin da aka saba shi ne in damina ta faɗi, zabbi suka fara ƙwai, sai a tara a sa wa kaza ta kwanta a kai. Ƙwan zabo kuwa ya kan ɗauki kwana 26 zuwa 28. Watau kaza za ta zauna wuri ɗaya, cikin duhu da ɗumi, har mako huɗu.

To, ga inda matsalar ta ke. Jar ƙumar akurki, in akwai ɗumi, daga ƙwai har ta girma ta fara nata ƙwan, kamar mako ɗaya ne kawai. Ka ga kafin ƙwan zabo ya fashe, ƙumar ta haihu, 'ya'yanta sun haihu, jikokinta ma sun haihu. 'Yan kaɗan da ba ka kula da su ba ranar da ka sa ƙwai, sai ka tarar sun rufe gurbin. Kaza ta yi haƙuri har ta gaji ta tashi, ƙwai ya huce, ya zama baragurbi. Wata kazar ba ta tashi, sai a wayi gari a same ta a mace a kan ƙwan, zankonta ya yi fari fat saboda jininta ya ƙare. In ma an yi sa'a an ƙyanƙyashe, 'yan tsakin da su ka fito cikin irin wannan gurbi ba su da jinin da za su jure, sai su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Lissafa da kanka. Ƙwan zabo 15 ko 20 a ƙarƙashin kaza ɗaya, su ne zabbin da za ka kai kasuwa bayan girbi ko gab da Salla. In su ka lalace, sai wata daminar.

Manyan kaji ma ba su tsira ba. Su kan rame ko da suna cin abinci, ƙwai ya ragu, gashi ya yi ta zuba, su yi ta tsattsagar jikinsu maimakon kiwo.

Ka san abin da ka ke yaƙi da shi

Mutane da yawa duk abin da su ka gani a jikin kaza sai su ce ƙuma ce. Amma iri-iri ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Abin da ya fi muhimmanci ka sani shi ne: wasu a jikin kaza su ke zaune, wasu kuwa a bango su ke zaune, dare kawai su ke zuwa cin abinci.

Ƙwarƙwatar kaji ita ce mai sauƙin gani. Launinta ruwan ƙasa-ƙasa ne ko rawaya, tana gudu cikin gashi in ka buɗa shi. Ba ta barin jikin kaza, a nan ta ke haihuwa, ƙwanta ya kan taru fari-fari a gindin gashi, musamman kewayen dubura. Tana cin gashi da ɓawon fata. In ta faɗo daga jikin kaza ba ta wuce 'yan kwanaki ta ke mutuwa. Ba ita ce ƙwarƙwatar mutane ba, kuma ba ta zama a kan mutum.

Ƙuma ta ainihi ita ce baƙar nan da ta ke kafe bakinta a zanko, da kewayen ido, da naman da ya ke reto ƙarƙashin baki. Ta kan taru wuri ɗaya kamar an yayyafa baƙin iri, ba ta motsi. Ƙwanta yana faɗowa ƙasa, tsutsarta ta girma cikin ƙurar akurki da kashin kaji. Tana kama karnuka da kyanwoyi ma. In ta yi yawa a idon ɗan tsako har makanta ta kan jawo.

Sai jar ƙumar akurki, wadda likitocin dabbobi su ke kira Dermanyssus gallinae. A gaskiya ba ƙuma ba ce, dangin kaska ce, ƙafafunta takwas, ba ta tsalle. Girmanta bai kai ƙwayar gero ba, kusa da ƙwayar rairayi. Kafin ta sha jini ruwan toka ce, in ta ƙoshi sai ta koma ja. Wannan ita ce mugunyar. Da rana ba za ka gan ta a jikin kaza ba ko ka duba sau goma. Tana cikin tsagar bango, da mahaɗar itace, da ƙarƙashin busasshen kashi, da cikin ƙaiƙayin gurbi. In dare ya yi ta fito ta sha, kafin asuba ta koma. Tana iya zama cikin akurki wata takwas ba ta sha jini ba, kuma ba ta mutu ba. Don haka wanda ya ce zai bar akurki fanko na mako biyu don yunwa ta kashe ta, ya ɓata lokacinsa. Tana da 'yar'uwa ta ƙasashen zafi wadda ta ke zama a jikin kaza da cikin gurbi dare da rana, tana baƙanta gashin kewayen dubura. Su ne su ke hawa hannun uwargida in ta je ɗauko ƙwai, su sa ta ƙaiƙayi. Suna cizon mutum, amma ba su iya rayuwa a jikinsa.

Kaskar kaji kuma, wasu su kan ɗauka kuɗin cizo ce, don faffaɗa ce kamarsa, kuma halinsu ɗaya, ɓuya da rana, cizo da dare. Ƙanananta ne kaɗai su ke maƙalewa ƙarƙashin fiffike na 'yan kwanaki, za ka gan su baƙi-baƙi kamar ƙwayar lalo. Manyan suna cikin bango da ƙarƙashin ɓawon itace. Tana iya yin fiye da shekara ba ta ci ba. Banda shan jini, tana ɗauke da wata cuta da ta ke sa kaza zazzaɓi, ta takure, ta yi koren zawo, wani lokaci ƙafafu su shanye. Masu zabbi su lura da wannan: in zabbinka a kan itace su ke kwana, ka ɓamɓaro ɓawon itacen ka duba. Sau da yawa a nan gidan kaskar ya ke.

Na ƙarshe shi ne ƙwaron da ya ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafar kaza. Ido ba ya ganinsa. Aikinsa ka ke gani, ƙafa ta yi kauri, ɓawon ya ɗaɗɗago, ya yi fari kamar an shafa busasshen ƙullu. Tsofaffin kaji ya fi kamawa.

Yadda za ka duba

Duban rana ba ya isa. Bayan sallar isha'i, in kaji sun natsu, ɗauki tocila ka haska bangon akurki da sandar da su ke kwana a kai. In akwai su, za ka ga abu yana tafiya kamar ƙura mai rai. Sa'an nan ka sami farin ƙyalle ko farar takarda ka goga ƙarƙashin sandar ko bakin tsagar bango. In ka ga jan zane a jiki, to jinin kajinka ne.

Akwai wata dabara kuma. Yanki guntun kwali, irin mai ramuka a tsakiya, ka naɗe ka cusa a lungun akurki. Bayan kwana biyu ka ɗauko da safe ka buga shi a kan farin faranti. Abin da ya zubo zai gaya maka. In ka gama, jefa kwalin a wuta.

Ita kuwa kazar, kama ta da rana cikin haske. Buɗa gashin kewayen dubura, da ƙarƙashin fiffike, da wuya. Dubi fuska da ƙafafu. Dubi zanko: na lafiyayyar kaza ja ne, in ya koɗe to jini ya yi ƙasa. Kada ka duba ɗaya ka tsaya. Zakara ma a duba shi, don ba ya yawan birgima kamar kaji, kuma shi ne ya ke bin kowace kaza.

Aikin akurki shi ne babba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a barbaɗa wa kaza magani, a mai da ita cikin akurkin da ba a taɓa ba. Daren nan za su sake hawanta. Wannan ba a kaji kaɗai ba ne. A Amurka da Turai akwai masu kiwon wani babban ƙadangare mai kama da damo, iguwana, don sha'awa kawai, kuma su ma irin wannan ƙwaro yana damunsu. Abin da likitocinsu su ke gaya musu shi ne abin da mu ke gaya maka: in ba a gyara ɗakin ba, wanke dabbar aikin banza ne.

Zaɓi ranar da rana ta ke da zafi. Da sassafe ka fitar da kaji duka. Kwashe duk abin da ke ciki, ƙaiƙayi, ciyawa, tsumma, gashi, kashi, har ka kankare ƙasan da fartanya. Kada ka bi tsakar gida kana zubarwa a hanya. Zuba cikin buhu tun daga bakin akurki, ka kai bayan gida ka ƙone. Kashin kaji taki ne mai kyau, mun sani, kuma ba a son asararsa. In kana so ka yi amfani da shi, kai shi gona mai nisa da gida ka binne, kada ka tara shi a gindin katanga.

In akurkin na ƙasa ne, irin wanda a ke ginawa da laka, ba shi da itace ko jinka, to wuta ce maganinsa, kuma iyayenmu sun daɗe suna yi. Zuba busasshiyar ciyawa ko karan gero daidai misali, ka kunna, ka bari zafi ya ratsa bangon. Zafin da hannu ba zai iya jurewa ba yana kashe ƙwarin da ƙwansu gaba ɗaya, abin da yawancin magungunan kanti ba su yi. Amma fa a yi hankali. Kada a yi ranar da a ke iska, kada a yi kusa da zana ko rumbu ko ɗakin jinka, a ajiye bokitin ruwa a kusa, kuma babba ya tsaya a wurin har wutar ta mutu. Wannan ba aikin yara ba ne.

In kuwa akurkin na katako ne ko na kara, ko yana jingine da ɗaki, sai tafasasshen ruwa. A zuba da buta a bi kowace tsaga da kowace mahaɗa. Bayan haka a wanke da ruwan sabulu mai kumfa sosai, domin sabulu yana kashe wanda ya taɓa. Kwandon kara da ya tsufa, ya cika da ƙwari, ƙone shi ya fi arha. Abin da ba ka son ƙonewa, kamar kaskon gurbi, da akushin abinci, da sandar kwana, sa su cikin baƙar leda ka ɗaure baki, ka shanya a tsakiyar rana wuni biyu ko uku. Ranar bazara ta ƙasar Daura, ta watan Afrilu da Mayu, ta isa ta dafa abin da ke cikin ledar.

Da bango ya huce ko ya bushe, sai yaɓe. Wannan shi ne aikin da ya fi daɗewa yana amfani, kuma shi aka fi ƙyuyar yi. Kwaɓa laka ka toshe kowace tsaga da kowane rami, ciki da waje, ka shafe ya yi sumul. Ƙwaron da ya ke ciki ka rufe shi, wanda zai zo kuma bai sami ɗaki ba. Sa'an nan ka shafa farar ƙasa. Banda toshe ƙananan kafofi, farin bango yana sa ka ga ƙwaro da wuri. In laka ta bushe ta sake tsagewa, a sake bi.

Sandar kwana kada a kafa ta cikin bango yadda ba za ta ciru ba. A yi ta yadda za a iya fitarwa a shanya. A ɓare ɓawonta tun farko. A shafa wa bakinta biyu mai, inda ta ke taɓa bango, don nan ce gadar da ƙwarin su ke bi. Kananzir yana kashe su a jikin itace, amma a shafa da safe a bar shi a waje ya sha iska har warin ya fita kafin kaji su shiga.

Kafin a zuba sabon ƙaiƙayi, a barbaɗa busasshiyar toka a ƙasa, a bi lunguna da ita. Masu itacen darbejiya, wadda wasu su ke kira bedi ko dogon yaro, suna da ƙarin magani kyauta. A daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa wa bango da tsintsiya ko a fesa. Ba ya kashewa nan take kamar maganin kanti, a hankali ya ke aiki, kuma ƙarfinsa ba ya daɗewa, don haka sabo a ke haɗawa kowane lokaci.

Yanzu ga abin da ba a so ka manta. Bayan kwana 7 a sake, bayan wasu kwana 7 a kuma sakewa. Ba sai an sake yaɓe ba, amma shara da ruwan zafi ko feshi, da sabuwar toka, dole ne. Dalili kuwa, ƙwan da ya tsira a karon farko zai fashe cikin 'yan kwanaki, kuma so a ke a same su kafin su yi nasu ƙwan. Wanda ya yi sau ɗaya ya bari, bayan wata guda zai ce maganin ba ya aiki, alhali shi ne bai ƙarasa ba.

Jikin kaza

A ranar da aka gyara akurki, a ranar za a bi kajin, duka, har da wadda ba ta nuna alama ba.

Kaza ta san maganin ƙwarƙwata tun kafin mu. Birgimar da ta ke yi cikin ƙura wanka ne. Taimake ta. Sami wuri a inuwa inda ruwan sama ba ya bugu, ka haƙa ɗan rami ko ka ajiye tsohuwar taya ko fasasshen daro, ka zuba rairayi mai laushi da tankaɗaɗɗiyar tokar itace, rabi da rabi. In kana iya samun garin farar wuta, ka ƙara ɗan kaɗan, yana da ƙarfi a kan waɗannan ƙwari. Da damina ne wannan ya fi amfani, lokacin da ƙasa ta jiƙe ko'ina, kaji ba su da wurin birgima. Amma a tabbata tokar a bushe ta ke. Uwargida ta san yadda ruwan toka ya ke cin hannu, haka zai ci fatar kaza. In ta jiƙe a zubar a sa sabuwa.

Wadda ƙwarƙwata ta yi wa yawa, sai a yi mata da hannu. Mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗibi toka ko hodar da malamin dabbobi ya bayar, ya cusa cikin gashi har ta kai fata, a dubura, da ƙarƙashin fiffike, da ƙirji, da wuya. A kare ido da hanci. A yi a waje, mai yi ya rufe hancinsa da ƙyalle. Gashin da ƙwai ya dunƙule a gindinsa, a yanke da almakashi a ƙone. Bayan kwana 7 zuwa 10 a maimaita.

Baƙar ƙumar fuska kuwa mai a ke sa mata. Man kaɗanya, ko man gyaɗa, ko basilin, a shafa da kauri a kanta, a kula kada ya shiga ido. Mai yana toshe mata numfashi, bayan kwana ɗaya ko biyu ta mutu. Kada a ɓamɓare ta da ƙarfi, fatar za ta yi rauni. Kuma tun da tsutsarta a ƙasa ta ke, in ba a kankare ƙasan akurki an ƙone ba, sabuwa za ta hau.

Ƙafa mai kauri ma mai ne maganinta. A jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da sabulu, a goge a hankali da tsumma, a bari ta bushe, sa'an nan a shafe ta da mai tun daga yatsu har inda gashi ya fara. A yi haka sau biyu a mako, har mako uku ko huɗu. Kada a ɓare ɓawon, zai yi jini. Da kansa zai zube, sabon ya fito, amma yana ɗaukar watanni kafin ƙafar ta koma daidai.

Kananzir, da fetur, da baƙin man mota, ba a sa su a jikin kaza. Suna ƙona fata, suna kashe 'yan tsaki, kuma in mai ya taɓa ƙwan da a ke kwanci a kai ya kan toshe kafofin da ɗan tsako ya ke shaƙar iska. Saboda wannan ne ma kazar da ta ke kwanci ba a shafa mata kowane irin mai a ciki ko ƙirji.

Kazar da ta rasa jini tana bukatar ƙarin abinci kafin ta farfaɗo. A ba ta gero ko dawa da dusa, da gara in an samu, da ganyen zogale, da ruwa mai tsabta kullum. In kuwa ka ga kaska a akurki, kuma kaji suna takurewa da koren zawo, wannan ya wuce toka. Je ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, akwai allurar da a ke yi, kuma in an yi da wuri su kan tashi. Zuwan yana da wani amfanin, domin annobar kaji ta lokacin hunturu ita ma tana sa koren zawo, ita kuwa ba ta da magani sai rigakafi, irin wanda a ke yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Malami ne zai bambanta maka.

Maganin kanti

Akwai hoda da ruwan feshi da aka yi domin kaji, kuma in ƙwari sun yi yawa, musamman kaska, ana bukatarsu. Amma saye a wurin da ya dace, a cikin kwalinsa ko kwalbarsa ta asali, mai lambar hukumar NAFDAC. Tambayi mai sayarwa abu uku: a jikin kaza a ke sa shi ko a bango kaɗai, nawa a ke zubawa cikin ruwa lita nawa, kuma kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko a yanka. In bai iya amsawa ba, kada ka saya. Kada ka ƙara awo don kana so ya yi ƙarfi, kada kuma ka rage don ya yi auki. Ragewa ita ce ta ke sa ƙwarin su saba da magani.

Maganin feshin wake ko na auduga da ya ragu cikin famfo, ba na kaji ba ne. Haka Sniper da sauran fiya-fiya da a ke ƙullawa a kwalabe ba suna. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutanen da ya hallaka. Abin da ya kashe babban mutum, ina ga ɗan tsako a cikin rufaffen akurki? Dattawa za su tuna Gammalin 20, wanda a da a ke sa wa kusan kome. An hana shi yanzu, kuma a 2009 ƙasashen duniya su ka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin gubar da aka amince a daina, don yana taruwa cikin kitse da ƙwai, ya daɗe a jikin wanda ya ci. In wani ya kawo maka shi da arha, ka ƙi.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne wannan ƙwaro ya ke rikitawa. A 2017, a ƙasashen Holan da Beljiyam, an yi amfani da wani magani mai suna fipronil a gonakin kaji don kashe wannan jar ƙumar, alhali ba a yarda a sa shi ga dabbar da a ke ci ba. Sai aka same shi cikin ƙwai. Miliyoyin ƙwai aka kwashe daga kantuna a ƙasashe da yawa, aka rufe gonaki. Su suna da masu awon ƙwai. Kai kuwa ƙwan gidanka, yaranka ne za su ci.

In za a yi feshi, a fitar da kaji da abincinsu da ruwansu, a rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kwalbar kuma a fasa ta a binne. Ba a ajiye ta don zuba mai ko gishiri.

Ta ina su ke shigowa?

Yawanci da kuɗinka ka ke sayo su. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko ta Daura ce ko ta Mai'aduwa ko wadda aka ƙetaro da ita daga Nijar ta Kwangwalam, ta kwana cikin keji ɗaya da kajin gidaje da yawa. Kada ka sake ta cikin naka ranar da ta zo. Duba ta, ka yi mata toka, ka ware ta mako biyu a wani wuri dabam. Haka kazar da aka ba amarya ko mai jego kyauta. Ba raina kyauta ba ne. Kejin ɗan kasuwa kada ya shigo har bakin akurki, a tsaya da shi a zaure. Kwalin ƙwai da ya zaga gidaje shi ma ya kan ɗauko su cikin lungunansa.

Tattabaru suna ɗauke da irin waɗannan ƙwari. In kana da su, ɗakinsu ya yi nesa da akurki, kuma ranar gyara a gyara duka biyu. Sheƙar tsuntsaye da ke cikin rufin akurki a cire ta.

Kafin a sa wa kaza ƙwai

Lokacin da ya fi dacewa da babban gyara shi ne ƙarshen bazara, kafin ruwan farko. Rana tana da zafi, laka tana bushewa da wuri, aikin gona bai kankama ba, kuma zabbi ba su fara ƙwai ba. A sake wani bayan girbi, sa'ad da sabon ƙaiƙayi ya samu.

Gurbin kwanci kuwa, kowace kaza a yi mata sabo. Kasko ko fasasshiyar tukunya ta fi kwando, don ana iya babbaka ta da wuta kafin a yi amfani da ita, kuma ba ta da saƙar da ƙwaro zai shiga. A zuba toka a ƙasa, a ɗora rairayi, sa'an nan sabon ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a haɗa da busasshen ganyen darbejiya. Wasu su kan sa ɗan busasshen ganyen taba a can ƙasa. Yana korar ƙwari, amma guba ne, saboda haka kaɗan a ke sawa, a ƙarƙashin ƙaiƙayi inda kaza ba za ta ci ba, a kuma cire kafin 'yan tsaki su fito. A ajiye gurbin nesa da inda sauran kaji su ke kwana, kada ya jingina da bango.

Ita kazar a yi mata toka kwana ɗaya kafin a sa mata ƙwan. Duk mako, lokacin da ta tashi cin abinci, uwargida ta sa hannu ƙarƙashin ƙwan ta ɗan jima, ta fitar ta duba, ta kuma dubi ɓawon ƙwan ko akwai ɗigo-ɗigon ja ko baƙi. In an gani, kada a jira. A shirya wani kaskon da sabon ƙaiƙayi, a goge ƙwan da busasshen tsumma, ba da ruwa ba, a mai da su ciki, a ajiye a daidai wurin da tsohon ya ke don kada kazar ta ƙi komawa. Tsohon ƙaiƙayin a kai shi wuta nan take. Ranar da aka ƙyanƙyashe kuma, a kwashe ɓawon ƙwai da duk abin da ke cikin gurbin a ƙone, a babbake kaskon, a kife shi har sai wata kazar ta nemi kwanci.